Kada Ka Jira Yankan Dawa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

Zuwa ga Abba, a Tsafe.

Assalamu alaikum. Ina fatan wannan takarda ta same ka lafiya, kai da maiɗakinka da 'yar jikata. Innarka tana gaishe ku, ta ce a shafa mata kan yarinyar. Allah Ya tsare ku a gida da shago, Ya tsare ku a kan wannan hanya tamu da ba a hawanta sai da addu'a a baki.

Za ka yi mamakin ganin takarda alhali ga waya. Na gwada wayar. Sau uku ina kiranka da niyyar faɗin abin da ke cikin nan, sau uku muna ƙarewa da tambayar kasuwa da ruwan sama. Kai ɗan fari ne, kuma sunan mahaifina gare ka, ni kuwa a gidan da na tashi uba ba ya zama ya buɗe wa ɗan fari cikinsa. A takarda ba sai na kalli idonka ba.

Innarka ta faɗa mini cewa masana'antar da muke sayen injin ban ruwa a wurinsu, can ƙasar Sin, sun ce ka zo ka yi wata biyu kana koyon haɗa inji da gyaransa, kuma sun bar maka zaɓin lokaci. Ta ce ka yanke ba za ka tashi ba sai an yanke dawar gonar bayan rafi, wadda ke gaba da Bunguɗu, an zuba a rumbu, sannan ka tafi ƙarshen Janairu. Ta ce da ta matsa maka sai ka ce, “Inna, ba ni barin Baba shi kaɗai da yankan dawag ga.” Allah Ya yi maka albarka da wannan magana. Amma ban yarda ba. Ina so ka tashi tsakiyar Oktoba, kafin dawa ta nuna. Sau uku na je ƙasar Sin ɗin nan, kuma kowace tafiya da kuskuren da na ɗauko a cikinta. Ka karanta su a tsanake.

Tafiyata ta farko, lissafin da kake yi yanzu shi na yi, ko harafi ɗaya bai bambanta ba. Na ce manomi ba ya tafiya sai ya ga rumbunsa a cike, hannunsa kuma babu aiki. Na gama girbi, na huta, na ɗinka sababbin riguna, na hau jirgi ƙarshen Janairu ina jin kaina ɗan kasuwar duniya. Da na sauka birnin Guwanzu, washegari na ce wa tafintana, wani ɗan Kano da ya daɗe a can, ya kai ni layin masu injuna. Ya dube ni daga hula har takalmi, ya ce, “Alhaji, wa ya ce ka zo yanzu? Ai sallarsu ce.” Na ɗauka wasa yake. Muka je. Layi guda, tsawonsa ya kai daga tashar mota zuwa tsohuwar kasuwa, kowane shago a garƙame, an manna jajayen takardu a ƙofa. Ashe sabuwar shekararsu ce, kuma ba irin hutunmu na kwana biyu ba ne. Kowa yana kulle wurinsa ya koma ƙauyen iyayensa. Tashoshin jirgin ƙasa ne kawai a cike, mutane kamar ana korarsu daga garin.

Kwana goma sha shida na yi a ɗakin otal ina jiran a buɗe. Gidajen abincin Musulmin ƙasar ma da yawa sun rufe, don su ma da nasu ƙauyen. Burodi da dafaffen ƙwai na rayu a kai, sai ƙuli-ƙuli da dabinon da Innarka ta cusa mini a jaka ina ta yi mata faɗa wai za ta sa a yi mini dariya. Ga sanyi. Namu sanyin busasshe ne, ka hura gawayi ka zauna kusa ya sake ka. Nasu jiƙaƙƙe ne, yana bin bango ya shiga ƙashi, ɗakin ma ya fi waje sanyi. Na haɗa babbar riga biyu na sa, na lulluɓa da darduma. Ruwan alwala kuwa sai na yi ta maza kafin in taɓa shi. Tarin nan da kake ji ina yi duk shekara, wanda kuke ce mini in je asibiti, daga ɗakin nan na zo da shi.

To ka ji. Kada ka auna lokacin wata ƙasa da rumbunka. Wannan biki nasu wata yake bi, irin nasu watan, yana yawo tsakanin ƙarshen Janairu da Fabrairu, kuma ma'aikata suna fara guduwa tun kafin ya zo, ba sa gama dawowa sai bayan ya wuce da kwanaki. In ka tafi lokacin da ka yanke, ba inji za ka koya ba, zaman ɗaki za ka koya. Duk sanda za ka je ƙasar mutane, ka fara tambayar ranakun da suke rufe ƙofa kafin ka tambayi farashin kaya.

Tafiya ta biyu na ce na yi wayo. Tunda sanyi ne ya wahalar da ni, bari in je lokacin da babu shi. Na tashi cikin Yuli, tsakiyar damina, na bar gero yana jiran noma na biyu. Abba, ni mutumin Gusau ne, na san bazara, na ɗauka babu zafin da zai ba ni labari. Zafinmu in ka sami inuwa ka tsira. Nasu kamar ka tsaya kan tukunyar tuwo tana tafasa, inuwa da rana duk ɗaya, gumi ba ya bushewa, rigar da ka wanke ta kwana biyu tana ɗoyi. Kuma azumi ya faɗo a cikin tafiyar. Tafinta ya ce mini ni matafiyi ne, Allah Ya yi mini sauƙi, in sha in rama. Na ce ban taɓa shan azumi ba tun ina ɗan shekara goma sha biyu, ba a ƙasar wasu zan fara ba. Rana ta huɗu na yanke jiki na faɗi a matakalar wata kasuwa. Da na farfaɗo, wata tsohuwa mai shago ce a kaina tana yi mini fifita da kwali, tana ɗura mini ruwa, hulata tana can ƙasan matakala mutane suna tsallake ta. Azumin da na ƙi sha da mutuncina, na sha shi a kwance.

Lokacin dawowa kuma sai guguwa ta taso daga teku, irin wadda suke yi a wannan lokacin na shekara. Itatuwa suka faɗi, ruwa ya cika tituna, jirage suka tsaya kwana huɗu. Na iso gida na tarar ciyawa ta fi geron tsawo. Saboda haka Yuli da Agusta ka cire su daga lissafi. Watannin da ke bayan bikin nasu, wato Maris zuwa Mayu, ban je ba balle in yi maka ƙarya, amma abokan tafiya sun ce ruwa ne ba ƙaƙƙautawa, har bangon ɗaki yana tsattsafo. Kuma in sauƙin da Allah Ya ba matafiyi ya zo gare ka, ka karɓa. Taurin kai ba ibada ba ne. Na san ka gaje shi a wurina, shi ya sa nake faɗa maka tun yanzu.

Saura ta uku. Ita ce na yi kwana biyu ina zagaye kafin in iya rubutawa.

A wannan karon na tambaya kafin in tashi, kuma kowa bakinsa ɗaya: Oktoba zuwa Nuwamba. Gaskiya suka faɗa. Sama garau, rana mai laushi, iska kamar safiyar kaka a gida. Kasuwanni a buɗe, masana'antu suna aiki, mutane fuska a sake. Na yi yawo da ƙafa wuni guda ban gaji ba. A rayuwata ban taɓa jin daɗin tafiya irin wannan ba, kuma jin daɗin ne ya cuce ni. Ya kamata in dawo farkon Nuwamba in tsaya kan yankan dawa da kaina, kamar yadda na saba. Sai na ji labarin wata masana'anta a wani gari, na ce bari in ƙara mako biyu. Na ce ai ga Lawali.

Ka san baffanka Lawali. Ƙanena ne uwa ɗaya uba ɗaya, ni na goya shi, ni na koya masa riƙon lauje. Kai kana makaranta a Zariya lokacin. Abin da aka faɗa maka shi ne ya tafi gona da safe 'yan bindiga suka harbe shi, an hana shi bai ji ba. Rabin farko gaskiya ne. Rabi na biyu ba haka ba ne.

Na kira shi bayan na yi azahar a can, nan gida kuwa safiya ce. Na tambaye shi dawa. Ya ce ta nuna, amma ya ce, “Yaya, a ɗan dakata da yankan nan. Jiya an ga babura bayan rahi. Mutanen ƙauyen duk sun janye, ba wanda yat tahi gona yau.”

Ina tsaye bakin titi mai tsabta, cikina a ƙoshe, iska mai daɗi tana kaɗa mini riga. Daga inda nake, babura bayan rafi sun yi mini kama da ƙaramin abu. Na ce masa, “Lawali, tsoro ka ji? Shekara nawa muna yankan dawag ga? In kat tsaya tsuntsaye sunka cinye ta, mi za mu ba yara? Ka tahi da sassahe, kahin azahar kun gama gehen rahi.”

Ya ce, “To, Yaya. In Allah Ya so.”

Bai taɓa yi mini musu ba tun yana yaro, kuma na san haka lokacin da nake faɗin maganar. Washegari ya tafi. Masu aikin da ya nema duk sun ƙi binsa, ya tafi shi kaɗai da lauje. Labarin ya same ni rana tana shirin faɗuwa a can, ina zaune a gidan abincin wasu Musulmi ina cin taliya. Buba ne ya ɗauko shi, Bafulatanin nan da rugarsu ke gefen gonar, wanda shekara talatin ke nan yana shigo da shanunsa bayan girbi su ci kara su bar mana taki. Ya ji ƙarar harbi, ya jira ta lafa, ya shiga dawar yana kiran sunansa. Ya lulluɓe shi da mayafinsa, ya ɗora shi a amalanke har Bunguɗu. Kafin in sami jirgi in iso, ƙasar kabarinsa ta bushe.

A zaman makoki ina ji mutane suna cewa, “Allah Ya jiƙan Lawali, an hana shi bai ji ba.” Ina zaune a kan tabarma ina amsa gaisuwa, ban buɗe baki na gyara ba. Shekara shida ke nan. Matarsa ba ta sani ba. 'Ya'yansa suna cin tuwo a gidana suna kirana Baba, wani lokacin in ƙaramar ta kawo mini ruwa sai in kasa sha. Innarka ma ban faɗa mata ba, ko da yake ina zargin ta gane, don ba ta taɓa tambayata abin da muka yi magana a kai ran nan ba. Kai ne mutum na farko da na faɗa wa. Na san ajali ba ya wuce lokacinsa, malamai sun faɗa mini, ni ma na faɗa wa wasu. Amma ni na tura shi, kuma ina jin nauyin abin kullum na buɗe ido.

Ga abin da nake so ka ɗauka daga nan. In kana nesa, kada ka ba da umarni a kan abin da idonka bai gani ba. Wanda ke tsaye a wurin ya fi ka sani, ko ƙaninka ne, ko matarka ce. In ka kira gida aka ce maka hanya ba kyau, ka ce a zauna. In aka ce an rufe shago saboda an ji ƙishin-ƙishin, ka ce an yi daidai. Kada ka taɓa tambayar wanda yake jin nauyinka ko tsoro yake ji, don zai tafi ya nuna maka ba ya ji. Kuma ranar da ka ce za ka dawo, ka dawo, ko da garin ya yi maka daɗi.

Za ka ce to ai shi ya sa kake son tsayawa, don kada a tura wani a madadinka, kuma don kada ni in shiga gonar da tarina da tsufana. Na gane. Shekara biyar gonar nan tana kwance, kai ka lallashe ni bana muka shuka da aka ce daji ya ɗan lafa. Ruwa ya yi kyau, dawa ta tashi irin yadda ban gani ba tun zamanin mahaifina. Na san ka sa rai a kanta. Amma makon jiya an sake ganin babura bayan rafi, kuma yanzu lokacin girbi suka fi matsa wa mutane, sun san dole a fito. Dawa ba ta nuna sai Nuwamba. In ka tsaya, kai za ka shiga cikinta da lauje, a gefen rafin nan, a watan da Lawali ya shiga.

Saboda haka ka rubuta wa mutanen masana'antar yau. Ka ce za ka zo bayan makon farko na Oktoba, don a wannan makon ma suna da wani hutun da suke rufewa, kada ka sake faɗawa ramin da na faɗa. Wata biyu daga nan zai kai ka tsakiyar Disamba, ka fito kafin sanyi ya kankama, kafin kuma bikinsu ya zo. Duk da haka ka sayi rigar sanyi mai kauri da ka sauka, kada ka ce babbar riga za ta ishe ka. Ka kawo maiɗakinka da yarinya Gusau su zauna wurin Innarka, ɗakin kudu a share yake. Ranar tashi kada ka yi sammako, kada kuma ka kai la'asar. Ka bari rana ta ɗaga, motoci sun fara gilmawa, sannan ka hau ta Funtuwa. In direba ya ce an ce a dakata, ka sauka ka dakata, jirgi ya tafi ya bar ka in ya ga dama.

Na san halinka. Za ka karanta wannan, idonka ya kawo ruwa, ka ninke ta ka sa a aljihu, sannan ranar yanka in gan ka a ƙofar gida da lauje kana cewa, “Baba, kwana ukku ne kawai.” Da ni ne haka zan yi. Shi ya sa ban tsaya a takarda ba.

Ranar kasuwa na je Bunguɗu na nemi Buba. Ya tsufa, shanunsa sun ragu sun rame, su ma mutanen dajin ba su bar su ba, yana shirin kwashe iyalinsa ya yi kudu. Na ja shi gefe na ce, “Buba, kahin ka tashi, ka sa shanunka cikin dawata.”

Ya ce, “Ai ba a yanke ba, Alhaji.”

Na ce, “Na sani. Yanzu nika so.”

Ya dube ni ya daɗe. Ya ce, “Alhaji, shekara talatin ina tsare shanuna kada su taɓa maka zangarniya guda. Yau kai da bakinka? Mi za ni ce ma mutane?”

Na ce, “Ka ce ni nis sa ka. In ka ga wurin ba lahiya, ka bari ta ruɓe, kada ka shiga don ni. Ina da ɗa, Buba, kuma ba ni son ka sake ɗauko mani kowa a amalanke.”

Ya kama hannuna da hannu biyu, muka tsaya a tsakiyar masu awo, tsofaffi biyu, kowa yana share fuska da bakin rawani. Dawar ta riga ta yi tsawo ta fara fidda kai, ba za ta kumbura masa dabba ba. Kwana uku shanun suka yi a ciki. Jiya ya aiko mini cewa sun gama, kuma sun kama hanya lafiya.

To ka ji, Abba. Babu dawar da za ka yanka bana. Gonar bayan rafi fili ce, sai guntayen kara da taki. Ka yi fushi da ni in kana so, kana da gaskiya, guminka na cikinta kuma ban shawarce ka ba. Ba za mu kwana da yunwa ba, geron gonar gida yana nan, shago yana nan. Ranar da na ji shanu sun shiga gonar zuciyata ta yi zafi kamar ana yanka ni, amma tun rasuwar baffanka ban yi numfashi mai sauƙi irin na ran nan ba. Wancan karon dawa na zaɓa, aka kawo mini ƙanena a lulluɓe. Wannan karon kai na zaɓa.

Allah Ya kai ka lafiya, Ya dawo da kai lafiya. Ya tsare ka a mota da jirgi, Ya haɗa ka da mutanen kirki, Ya kiyaye maka sallarka a inda ba ka jin kiran salla. Allah Ya jiƙan Lawali, Ya yafe mini, Ya kawo mana ƙarshen wannan masifa. In ka yi sujada a can, ka sa shi a ciki, ni ma ka sa ni.

Direban da ya kawo maka takardar nan zai ba ka ƙullin ƙuli-ƙuli da dabino daga Innarka. Ka sa a jaka, kada ka yi mata musu.

Wassalam.
Mahaifinka, Gusau.